Ƙungiyarmu ta manoma ta fara ƙarfi: masana'anta za mu gina ko mambobi za mu ƙara?

Tambaya: Ni ne shugaban wata ƙungiyar gama kai ta manoma. Muna tara amfanin gonar mambobinmu mu sayar a dunƙule, muna kuma sayo musu taki da iri da rangwame. Shekara uku a jere muna samun rara. Yanzu kan kwamiti ya rabu. Wasu na so mu ci bashin banki mu gina masana'antar sarrafa abin da muke nomawa, wasu sun ce mu buɗe ƙofa mu ninka mambobi, wasu kuma na ganin mu fara sayen kayan waɗanda ba mambobi ba. Wace hanya ce ta fi dacewa?

Amsa: Ranka ya daɗe, kafin kwamitinku ya sake zama a kan wannan magana, ka sa sakatare ya fitar muku da lissafi guda ɗaya. Cikin kowane buhu ɗari da mambobinku suka sayar bara, nawa ne suka bi ta ƙungiya, nawa ne suka bi ta hannun ɗan kasuwa? Ƙungiyoyi da yawa ba su taɓa yin wannan lissafi ba, kuma ranar da suka yi sai jikinsu ya yi sanyi. Ana samun ƙungiya mai sunaye cike da rajista wadda kayan mutane ƙalilan ne ke riƙe da ita. Idan haka abin yake a wurinku, kuna iya ninka kasuwancinku ba tare da kun ci bashin kowa ko kun ƙara mamba ko ɗaya ba. Ra'ayina a fili shi ne ku jinkirta masana'antar, ku tace masu shigowa, ku sa wa sayen kayan bare iyaka, ku fara zuba ƙarfinku kan kayan da ke zurarewa daga hannun mutanenku.

Rarar shekara ukun nan abin farin ciki ce, amma kada ku ɗauke ta a matsayin shaidar lafiya sai kun duba ta inda ta fito. Kamfanin 'yan kasuwa yana son sayen ɗanyen kaya da araha, domin tazarar da ke tsakanin saye da sayarwa ita ce ribar masu shi. A wurinku kuwa masu kawo kayan su ne masu ƙungiyar. Manaja na iya nuna muku rara mai tsoka a ƙarshen shekara ta hanyar danne farashin da yake biyan mamba a bakin sikeli, alhali kuɗin mamban ne aka riƙe aka sauya masa suna. Ga yadda ake gane gaskiya. Ɗauki mamba ɗaya da maƙwabcinsa wanda bai shiga ƙungiya ba, gonarsu kusan ɗaya, amfaninsu kusan ɗaya. Haɗa abin da mamban ya karɓa ranar awo, da ƙarin da aka ba shi a ƙarshen shekara, da sauƙin da ya samu a taki da iri. Wa ya fi samu cikinsu, kuma da nawa? Duk shawarar faɗaɗawa da aka kawo gabanku, wannan tazara ce za ku tambaya ko za ta ƙaru.

Tun a 1922 wani masanin tattalin arzikin noma na Amurka, Edwin Nourse, ya nuna cewa babban aikin ƙungiyar manoma shi ne ta zama ma'aunin da ke tilasta wa 'yan kasuwa biyan farashin gaskiya. Matsalar da ke tattare da wannan nasara ita ce, da zarar ƙungiya ta tsaya da ƙafarta, ɗan kasuwa zai ɗaga farashinsa ya kamo nata. Sai mamba ya ga kamar babu bambanci, ya manta cewa ba don ƙungiyar ba da farashin bai motsa ba.

Ka san yadda abin ke faruwa da kaka. Manomi ya gama sussuka, buhuna na jere a bakin gona. Mota ta tsaya, ɗan kasuwa ya sauko da kuɗi a hannu, ya ɗora ɗan abu kaɗan a kan farashin ƙungiya, leburori nasa, jigila tasa. Ita kuwa ƙungiya ta ce a kawo kaya sito, a auna, a karɓi rasit, kuɗi sai bayan mako uku idan mai saye ya biya. Manomin nan ga kuɗin makarantar yara a wuyansa, ga 'yan ƙwadago na jiran haƙƙinsu, wataƙila ga mara lafiya a gida. Ba macuci ba ne, matsi ne. Zai sayar wa ɗan kasuwa buhunan da suka fi kyau, ya kawo wa ƙungiya ragowar don kada a cire sunansa daga masu karɓar taki. Ƙungiya ta yi asarar yawa, ta kuma yi asarar inganci, sannan mai sayen da ta yi wa alkawarin tan dubu ya ga ɗari shida, badi ba zai dawo ba.

Maganin wannan abu biyu ne da ke tafiya tare, kuma duka biyun an daɗe da gwada su. Na farko yarjejeniya ce mai haƙori. Manoman Danmak da suka kafa ƙungiyar madara ta farko a ƙauyen Hjedding a 1882 sun ɗaure kansu da sharaɗin kawo wa ƙungiya duk madarar da ba ta amfanin gida ba, kuma sun ɗauki nauyin bashin ƙungiyar tare. Ƙungiyoyin da suka biyo bayansu sun riƙa sa hannu kan irin wannan alkawari na tsawon shekaru, wanda ya karya a ci shi tara, kotu kuma ta tabbatar. Da wannan tabbaci ne suka iya sayen injin tace kirim, domin sun san ba zai tsaya don rashin madara ba. Na biyu shi ne biya nan take da awo na gaskiya. Amul, ƙungiyar masu madara ta Indiya, ta fara ne a 1946 a garin Anand, lokacin da manoman gundumar Kaira suka gaji da kamfanin Polson da ke da ikon sayen madararsu shi kaɗai. Abin da ya riƙe mata mutane shi ne a gaban mai madara ake gwada yawan maiƙon da ke cikinta, a biya shi gwargwadon ingancinta, ba tare da dogon jira ba, kuma ana karɓa kullum, ko madara ta yi yawa ko ta yi ƙaranci. Yarjejeniya ba tare da saurin biya ba takura ce da mutane za su zille mata. Saurin biya ba tare da yarjejeniya ba kuma banki ba zai amince da shi ba.

Saboda haka, idan za ku ci bashi bana, bashin da nake goyon baya shi ne na gajeren lokaci wanda za ku biya mambobi da shi ranar awo, kaya a sito su zama jingina, a mayar wa banki da zarar an sayar. Ba lallai ku biya duka ba. Ku biya kaso mafi tsoka a ranar, sauran ya zo bayan an sayar an cire ɗawainiya. Amma ku kiyaye: kada biyan farko ya wuce abin da kuka tabbata kasuwa za ta mayar muku. Karɓo kuɗi daga hannun manomi bayan an ba shi yana cikin abubuwan da ke kashe ƙungiya, kuma zan kawo maka misali nan gaba.

Yanzu batun jari, wanda a nan ne yawancin ƙungiyoyi ke yin tuntuɓe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Banki mai hankali ba zai ba ku kuɗin gina masana'anta ba sai ya ga abin da ku kanku kuka zuba, wanda kuma ya ba ku ba tare da ya gani ba, ku ji tsoron sharuɗɗansa. Hanyar da ƙungiyoyin da suka daɗe ke tara jarinsu ita ce riƙe ɗan kaso daga kowane buhu da mamba ya kawo, a ce kashi biyu ko uku cikin ɗari, a rubuta da sunansa, a ba shi takarda. Bayan wasu shekaru da babban taro ya ƙayyade, sai a fara mayarwa, na shekarar da aka fara riƙewa shi ake fara biya, ana kuma ci gaba da riƙe sabo. Ta haka jarin ƙungiya yake zama a hannun waɗanda ke amfani da ita a yanzu, gwargwadon amfanin kowa. Amma kada a riƙe rara duka. A Amurka, dokar haraji ta sa ƙungiyar da ke son sassauci a kan rarar da ta raba wa mambobi ta biya aƙalla kashi 20 cikin ɗari da tsabar kuɗi. Ko babu irin wannan doka a inda kuke, hikimarta a bayyane take, domin mamban da takarda kawai yake gani shekara da shekaru zai daina ɗaukarta a matsayin dukiya.

Sai kuma asusun da ba a rubuta shi da sunan kowa ba, na ƙungiya ne ita kanta, shi ke shanye asarar muguwar shekara. Daidaita waɗannan asusu biyu na buƙatar natsuwa. Idan duk jarin da sunayen mutane yake, ranar da dattawan da suka kafa ƙungiya suka ajiye fartanya za su zo karɓar nasu kusan lokaci guda, asusu ya kwashe. Idan kuma duk jarin na ƙungiya ne, mambobi za su daina jin nasu ne, ma'aikata su riƙa juya shi yadda suka so, wata rana kuma wani ya kawo shawarar a sayar da komai a raba.

A ƙarƙashin rabuwar kan kwamitinku ma ina zaton akwai saɓanin buƙatun mambobi. Michael Cook na Jami'ar Missouri ya bayyana shi a 1995 cikin matsalolin da ke damun ƙungiyoyin manoma idan sun girma. Dattijon da ya rage masa 'yan shekaru a gona ba shi da dalilin yarda a riƙe kuɗinsa don injin da sai bayan shekara goma zai biya kansa. Matashin da ke da shekara talatin a gabansa yana da dalili. Babban manomi na son sito da manyan masu saye, ƙaramin manomi na son taki a kan lokaci da kuɗi a hannu. Kowannensu yana da gaskiya a inda yake tsaye. Aikinka na shugaba shi ne ka fito da wannan saɓani fili a tattauna shi, a tsara yadda mai barin noma zai karɓi haƙƙinsa a hankali, maimakon a bar shi ya ɓuya a bayan gardamar inji.

Idan jarin mambobi ya gaza, sai a fara tunanin kuɗin masu zuba jari na waje. Ga abin da ya faru da waɗanda suka bi wannan hanya. Saskatchewan Wheat Pool ta manoman alkama na Kanada, wadda aka kafa a farkon shekarun 1920, ta kai hannun jarinta kasuwar Toronto a 1996, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tarin kuɗin tsofaffin mambobi da lokacin biyansu ke ƙaratowa. Da kuɗi ya shigo sai ta bazama: manyan rumbunan kankare, sayen kamfanoni iri-iri, har da tashoshin jiragen ruwa a Folan da Meziko. Bashi ya kusa durƙusar da ita a 2003, a 2005 ta daina zama ƙungiyar manoma ta koma kamfani, a 2007 ta zama Viterra, daga baya kamfanin Glencore ya saye ta. Murray Goulburn, babbar ƙungiyar madara ta Ostiraliya, ta tara dalar ƙasar miliyan 500 daga kasuwar hannun jari a 2015. A watan Afrilun 2016 ta rage farashin madara, kuma ragin ya shafi har madarar da aka riga aka kawo aka biya, wato manoma suka wayi gari ƙungiyarsu na bin su bashi. Mutane suka kwashe madararsu suka kai wa wasu kamfanoni, masana'antu suka rasa abin sarrafawa, a 2018 aka sayar da ita ga kamfanin Saputo na Kanada. Mai zuba jari na waje yana son a sayi amfanin gona da araha, mamba yana son a saya da tsada. Duk ƙungiyar da ta haɗa su biyun a inuwa ɗaya ta ɗora wa manajanta iyayengiji biyu masu buƙatu kishiyoyin juna.

Mu dawo kan masana'antar. Masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi, domin gaskiya ne kaso mai yawa na abin da mai saye na ƙarshe ke biya yana tsayawa ne a hannun mai sarrafawa da mai rarrabawa. Abin da ba a cika faɗa a taro ba shi ne wannan kaso ladan haɗari ne da jari, kuma duk wanda ya karɓe shi ya karɓi haɗarin.

A ɗauka injin da kuke so zai iya sarrafa tan 10,000 a shekara. Akwai kuɗin da ba sa raguwa ko inji na aiki ko yana tsaye: biyan bashi da kuɗin ruwansa, albashin injiniya da akawu da masu gadi, inshora, gyaran gini. Idan inji ya cika, kowane tan yana ɗaukar rabonsa na wannan nauyi. Idan tan 4,000 kawai ya samu, kowane tan zai ɗauki ninki biyu da rabi na wancan rabon, kuma a wannan farashi ba za ku iya gogayya da babban kamfanin da injinsa ke aiki dare da rana ba. Bayan haka, amfanin gona da kaka yake zuwa, inji kuwa duk shekara yake son ci. Dole ku sayi kayan watanni da yawa a cikin 'yan makonni, ku adana, ku sarrafa, ku kai wa masu shaguna da ba za su biya ba sai bayan wata ɗaya ko biyu. Sau da yawa kuɗin da ke kwance a cikin kaya da basussukan masu saye yana kai kuɗin injin ko ya wuce shi, kuma shi ne wanda ake mantawa a lissafi. Na sha ganin gini ya kammala, inji ya iso, an yi bikin buɗewa, sannan a gano babu kuɗin sayen abin da za a zuba masa.

Don haka duk takardar nazarin da aka kawo muku, musamman idan mai sayar da injin ne ya rubuta ta ko ya biya wanda ya rubuta, ku mayar a sake lissafi a kan sharuɗɗa masu tsauri: inji na aiki da rabin ƙarfinsa, farashin sayarwa ya sauka da kashi goma cikin ɗari, kuɗin ruwa ya hau, an yi shekara ɗaya ta fari. Idan har a haka ƙungiya za ta iya biyan banki ba tare da ta taɓa farashin mamba ba, a ci gaba da magana. Bashin gini kuma ya zama mai dogon wa'adi daidai da rayuwar injin. Gina masana'anta da bashin shekara ɗaya ko biyu da fatan a riƙa sabuntawa ganganci ne.

Duba lokacin da Amul ta gina tata. Sai a 1955, shekara tara bayan kafuwa, kuma matsala ce ta tilasta mata. A lokacin sanyi madara kan yi yawa, masu saye a Bambai ba sa iya karɓar duka, manoma na asara. Masana'antar garin madara da man shanu ta zo ne don ta shanye rarar da ta riga ta tsaya a ƙofa, bayan ƙwararrunta Verghese Kurien da H. M. Dalaya sun shawo kan yadda za a yi gari daga madarar ɓauna. Kayan ne suka riga injin zuwa. Farmland Industries ta Amurka ta bi akasin haka. Ta kai matsayin ƙungiyar manoma mafi girma a Arewacin Amurka, tana da matatar mai, masana'antun takin zamani, mahautan alade da na shanu, kasuwancin hatsi, mafi yawa a kan bashi. Da farashin iskar gas da ake yin taki da ita ya hau, kasuwar takin kuma ta lalace, sai ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a watan Mayun 2002, aka sayar da ita gunduwa-gunduwa. Fonterra, ƙungiyar masu madara ta Niyu Zilan, wadda aka kafa a 2001, ta zuba kuɗi a gonakin shanu a Sin da hannun jarin Beingmate, kamfanin madarar jarirai na can, ta yi asarar dalar ƙasarta miliyan 605 a shekarar kuɗi ta 2019, sannan ta shiga sayar da waɗannan kadarori tana komawa ga madarar manomanta.

Idan kun tabbata sai kun yi masana'antar, akwai tsari mafi aminci. Manoman gwozar sukari na kwarin Red River a Amurka sun sayi kamfanin American Crystal Sugar a 1973, kuma a tsarinsu hannun jari yana tafe da haƙƙi da wajibcin kawo amfanin wani adadin fili. Wanda ya sayi hannun jari ya zuba kuɗin injin, ya kuma ɗaure kansa da ciyar da shi. Kuna iya yin irin wannan a matsayin reshe na daban mai littafinsa: masu so su zuba, su sa hannu kan adadin da za su kawo, ribarsa da asararsa tasu. Dattijon da ba ya so ba a tilasta masa ba, kuma idan reshen ya faɗi ba zai ja sito da asusun taki su faɗi tare da shi ba. Gwajin ma a cikinsa yake. Idan waɗanda suka fi ɗaga murya a taro suka ƙi zuba nasu, kun samu amsa.

Kafin nan akwai matakai masu arha da ke ƙara daraja sosai: tsaftace kaya, busarwa yadda ya kamata, rarrabewa bisa inganci, sito mai kyau da zai ba ku damar jiran farashi, da yarjejeniyar sayarwa kai tsaye da masana'antun da ke akwai. Kuna kuma iya kai kayanku masana'antar wani a sarrafa muku ku biya ladan aiki, ku zuba a buhunku ku gwada kasuwa na shekara ɗaya ko biyu. A nan za ku gane ko akwai masu saye, nawa suke biya, yaushe suke biya, da abin da tallata suna ke ci, duk ba tare da kun aza bulo ɗaya ba.

Ƙara mambobi hanya ce mai kyau idan an bi ta da lissafi, domin yawan kaya na rage ɗawainiyar kowane buhu kuma yana ƙara muku murya gaban mai saye. Sharaɗina biyu ne. Sabon mamba ya shigo da jari daidai da abin da ya tarar, ko da a hankali za a riƙa cirewa daga kayansa, in ba haka ba waɗanda suka yi shekaru ana riƙe kuɗinsu za su ga an kawo musu 'yan cima-zaune. Sannan a yi masa shekara guda ta gwaji kafin ya samu ƙuri'a. Ku kuma kula da nisa. Mamban da ke can nesa jigilar kayansa ta fi tsada, kuma babu maƙwabcin da zai ga ya sayar ta bayan fage. Idan yankin ya yi faɗi, ya fi kyau mutanen can su kafa tasu ƙungiyar, ku haɗu a sama ku yi tarayya don sayarwa da sayen kayan noma. Haka Amul ta girma: ƙungiyar ƙauye, tarayyar gunduma, sannan tarayyar jihar Gujarat da aka kafa a 1973 don kasuwanci. Haɗewa da ƙungiya irin taku ma girma ne da ba ya buƙatar bashi, kamar yadda Arla Foods ta samu a 2000 daga haɗewar ƙungiyoyin madara na Danmak da Suwidin.

Sayen kayan waɗanda ba mambobi ba yana da amfani don cika alkawarin mai saye ko cika sito, amma a sa masa iyaka a rubuce, a ware littafinsa, ribarsa ta tafi asusun ƙungiya. Kada bare ya taɓa samun farashi da saurin biya daidai da na mamba, domin daga ranar babu sauran dalilin zama mamba. Dokar Capper-Volstead ta Amurka ta 1922 ta hana ƙungiyar da ke son kariyarta yin hulɗa da kayan bare fiye da darajar na mambobinta. Ni da zan ba ku shawara, ku tsaya ƙasa da haka nesa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma duk hanyar da kuka bi za ta taɓa shi. Kasuwancin da ya ninka ya fi ƙarfin 'yan sa-kai. Kuna buƙatar manaja ƙwararre da ake biya albashin da ya dace, kwamiti ya sa masa manufa ya kuma tambaye shi sakamako, amma kada ɗan kwamiti ya riƙa shiga sito yana ba da umarnin a karɓi kayan ɗan'uwansa da aka ƙi don laima. Ladan manaja kada a ɗaura shi da yawan ciniki, domin mai irin wannan lada kullum zai kawo muku shawarar faɗaɗawa. A ɗaura shi da abin da ya shiga hannun mamba da kuma lafiyar asusu. Mai binciken kuɗi ya zo daga waje, babban taro ne zai naɗa shi, kuma a gaban taron zai karanta rahotonsa da harshen da mambobi ke ji. Kai ma, ranka ya daɗe, da sauran 'yan kwamiti, ku samu horo kan karanta lissafin shige da ficen kuɗi, domin kwamitin da bai iya karanta shi ba manaja ne ke jan sa.

Da zarar kun yi suna, gwamnati da masu ba da tallafi za su zo, wani da rance mai rahusa, wani da injin kyauta. Ku karɓi abin da ya dace da shirin da kuka riga kuka yi, ku ƙi wanda ke zuwa da sharaɗin naɗa muku shugabanni ko mayar da ku hanyar rabon kayan siyasa. A Tanzaniya tarayyoyin ƙungiyoyin manoma sun yi ƙarfi ƙwarai, har da ta masu gahawa na Kilimanjaro da ta samo asali tun shekarun 1930, amma da suka koma tamkar reshen hukuma sai gwamnati ta rushe su a 1976, kuma ko da dokar 1982 ta dawo da su ba su koma yadda suke ba. Injin kyauta kuma ku rubuta shi a littafi da cikakken farashinsa, ku riƙa ware kuɗin tsufansa duk shekara kamar ku kuka saya, ku kuma tabbata akwai inda za a samu kayan gyaransa da makanikin da ya san shi kafin ku sa hannu a takardar karɓa.